Gudiya a Barandar Tsohon Kanti

Duk Giwa Tazo da rugagen da ke kewaye da ita, idan ana maganar kunya, Gudiya ake fara ambata. Da ita iyaye mata suke yi wa 'ya'yansu gori. Tun ranar da ta haifi ɗanta na fari, Mamuda, ba wanda ya taɓa jin sunansa a bakinta, ba kuma wanda ya ga ta ɗaga ido ta dube shi. Idan ya shigo gida ta juya baya, idan ya gaishe ta ta amsa wa bango. Haka al'ada ta ce uwa ta yi da ɗan fari, gaskiya ne, amma sauran mata sukan sassauta idan yaro ya zama mutum. Ita Gudiya riƙe abin ta yi hannu bibbiyu. Aka yi ta yabonta, yabon kuma ya ƙara ɗaure ta.

Masu yabon ba su san ta kafar zana take kallonsa ba. Ta san tafiyarsa tun daga nesa, yadda yake ɗan jan ƙafar hagu tun wata faɗuwa da ya yi daga kan jaki. Idan ta kwashe tuwo, kwanonsa take cika wa man shanu, ta ba ƙanwarsa Salma ta kai, ta ja mata kunne kada ta ce daga ita ne. Salma kuwa yarinya ce mai jin magana, har ta girma ta yi aure ba ta taɓa faɗa ba.

Baffan Mamuda ne ya ɗauke shi zuwa Jega tun yana ƙarami, can ya tashi cikin 'yan gari, ya shiga harkar albasa. Ya ga abokansa suna zama gaban iyayensu mata ana hira ana dariya, bai tsaya ya tambaya ko su ma 'yan fari ne ba. An gaya masa kunya ce. Kunnensa ya ji, zuciyarsa ba ta karɓa ba. Ranar da mahaifinsa Gidaɗo ya rasu, Mamuda ya zo ya durƙusa a ƙofar ɗakin Gudiya, ya yi mata gaisuwa. Ɗakin cike yake da mata, kowa ya zuba ido. Gudiya ta juya ta fuskanci bango. Ya daɗe a durƙushe, sannan ya ce a hankali, "Ko yau ma?" Ya tashi ya karkaɗe gwiwarsa ya fita, kuma tun daga ranar bai sake taka Giwa Tazo ba.

Matan suka ce wannan ita ce kunya ta gaske. Ita kuwa kalmomin nan suka zauna mata a ƙirji, ta kwana da su ta tashi da su, damina ta zo ta wuce, wata ma ta zo ta wuce.

A wata bazara mai tsananin zafi, 'yan shekaru bayan an yanke Kebbi daga Sakkwato, Salma ta zo mata da labari. Mamuda zai kwashe iyalinsa ya koma Kurmi, can kudu inda ake sauke albasa, kuma da an ci kasuwar Jega ta wannan mako motarsu za ta tashi. Gudiya tana kaɗa nono ta ji maganar, ba ta ma daina kaɗawa ba. Amma ta san wanda ya tafi Kurmi da mata da 'ya'ya ba zuwa ya je ya dawo ba ne. Idan ya tafi haka, da wannan bayan da ta juya masa zai tafi, ya rayu da shi, ya gaya wa 'ya'yansa uwarsa ba ta taɓa ƙaunarsa ba.

Ta soya man shanu ta tace, ta ɗura a kwalba ta toshe da totuwa. Ba wani dogon buri gare ta ba. So take ta miƙa masa kwalbar da hannunta, ta dubi fuskarsa, shi ma ya dubi tata. Ko sunan ba ta yi niyyar faɗa ba.

Sai dai ina za ta kai kunyar a ce Gudiya ta shirya takanas ta tafi ganin ɗan fari? Ta ce wa Salma Aliero za ta, wurin ƙanwarta Ramatu. Salma ta ce bari ta raka ta, ta ce a'a. Ta ce to a haɗa ta da maƙwabcinsu mai zuwa kasuwa, ta ce a'a, ita ba yarinya ba ce. Hanyar Aliero dama ta Jega ta bi, don haka ba wanda ya yi zargin komai. Kanta yana sara tun jiya, ta ɗora laifin a kan rana.

Daga Maiyama ta shiga a-kori-kura, aka cusa ta tsakanin buhunan gero da wata akuya mai kuka. Kowane rami motar ta faɗa sai ta ji kamar an buga mata taɓarya a ƙeya. Da hantsi suka iso Jega. Ta sauko ta tsaya riƙe da ƙullinta, ta rasa gabas ta rasa yamma. Ranar kasuwa ce, garin ya cika ya batse, motocin Birnin Kebbi sai ihu suke, ga sababbin alluna na sabuwar gwamnati a kowace kwana, ita kuma ba karatu ta iya ba. Abu guda ta sani, shi ma a bakin Salma ta tsinta: gidan Mamuda yana bayan tsofaffin kantunan Turawa, ta wajen Sabon Gari. Su kuwa kantunan ta san su. Tana yarinya ta taɓa biyo mahaifinta ya kawo fatu, ta ga Bature da jar fuska yana zaune a baranda yana fifita da hula, ana rataya fatun a wani ƙaton ma'auni na ƙarfe.

Ta same su inda ta bar su, sai dai sun tsufa sun fi ta. Ginin dutse ne mai kauri, rufin kwanon ya yi tsatsa ya ɓule, an ƙulle ƙofofin da kwaɗo tun ba a san yaushe ba, warin kashin jemage yana fitowa ta tagogi. Turawa sun kwashe abin da suka zo kwasa sun yi gaba, suka bar wa Jega bango da inuwa. Ma'aunin yana nan a barandar kanti na ƙarshe, ƙugiyarsa na lilo, an ɗaure wata tunkiya a gindinsa. A bayan kantunan kuma, inda ta san fili ne, gidaje ne birjik, lungu cikin lungu.

Tambaya za ta yi, amma tambaya sai da suna. Ta ce a ranta bari ta zauna a baranda ta zuba ido, ai ta san tafiyarsa, ko cikin mutum nawa ne za ta gane shi. Ta hau matakalar da kyar. Ba ta daɗe da zama ba sanyi ya rufe ta a tsakiyar wannan zafi, haƙoranta suka kama kaɗawa, amai ya taso mata ba shiri. Hasken rana ya koma kamar ana soka mata tsinke a ido. Mutane suna ta wucewa a kan hanya, ita da ta zo kallon ƙafafu ta kasa buɗe ido ta kalle su. Tsoro ya kama ta, irin wanda ba ta taɓa ji ba. Ba wanda ya san ta a garin nan, waɗanda suka san ta kuma sun ɗauka tana Aliero.

Akwai wata mai sayar da tuwo a gindin bishiyar dogon yaron da ke gaban kantin, sunanta Luba, mace mai jiki da faɗa, wadda ba a cin bashin bakinta. Ita ta hango tsohuwar Bafulatana ta kife, ta ajiye mara ta hauro da kofin ruwa.

"Baiwar Allah, lahiya? Ina kika hito?"

"Giwa Tazo."

"Ina za ki?"

Ƙaryar ta riga ta zauna a bakin Gudiya, ita ta fara fitowa. "Aliero za ni."

"Aliero? To mi yak kawo ki nan? Tasha ai tana can baya." Luba ta taɓa goshinta ta janye hannu. "Subhanallahi, wuta! Lawali! Zo nan!"

Lawali mai gyaran keke ne a ƙarshen barandar, dattijo mai furfura a gemu. Ya zo yana goge hannu, ya sa tafinsa a ƙarƙashin kan Gudiya ya ɗan ɗaga, ta saki ƙara. Ya dubi Luba. Shekarar nan kowa ya san ciwon, ya shiga gidaje da yawa.

"Sanƙarau na," ya ce. "A kai ta asibiti yanzu, ba a jira da shi."

'Yan kallon da suka fara taruwa suna jin sunan ciwon suka ja baya, kowa ya tuna yana da aiki. Lawali ya sunkuya zai ɗauke ta, sai Gudiya ta lalubo ƙafar tsohon ma'aunin ta rungume. Ta ji abin da ya ce, ta kuma gane. Amma idan aka ɗauke ta daga nan aka kai ta inda ba wanda ya sani, gobe mota za ta tashi da Mamuda, shi ke nan.

"Ba ni zuwa," ta ce. "Akwai wani garin ga. Sai na gan shi."

"Wa?" in ji Luba. "Mi as sunanai, a kira maki shi?"

Gudiya ta yi shiru.

"Ke, magana nika yi. Mijinki na?"

"Ya rasu."

"Ɗan'uwanki?"

Shiru. Luba ta tsaya tana dubanta, ta dubi kwalbar man shanun da ta leƙo daga ƙulli, sai ta dafa ƙirji. "Ɗan hwari na."

Hawaye suka gangaro daga idon Gudiya da ke rufe.

"Haba, yaya! Ni ma ina da nawa, na san kunya. Amma rai aka magana yanzu. Ba kowa nan sai ni da Lawali, shi ma ya toshe kunne. Hwaɗi."

Ta yi ƙoƙari, Allah ya gani. Ta buɗe baki, sunan ya taso har maƙogwaro ya tsaya. Ba taurin kai ba ne. Shekaru ta yi tana koya wa harshenta ya kauce wa wannan suna, harshen kuma ya koya da kyau. Ta ji haushin kanta, ta ji haushin matan Giwa Tazo da yabonsu, amma bakin ya ƙi.

Luba ta yi tsaki ta gyara zama a ƙasa. "To ga dabara. Ni zan kira, ke kuma in ba shi ba na, ki ce a'a. Sahabi?"

"A'a."

"Magaji?"

"A'a."

"Isma'ila? Ɗanlami? Ya'ƙuba?"

A'a, a'a, a'a. Luba ta yi ta jero sunaye kamar mai kiran awaki, tuwonta yana can yana hucewa, masu saye suna zuwa suna komawa. Can ta ce, "Mamuda?" Gudiya ta ja mayafinta ta rufe fuska.

Lawali bai jira komai ba, ya haye keke ya shiga lungu. Mutumin kirki ne, amma gaggawa ta sa bai tambayi ko Mamudan me yake yi ba, Jega kuwa ba Mamuda ɗaya gare ta ba. Azahar ta yi kafin ya dawo da wani mahauci gajere, jini a rigarsa. Mahaucin ya leƙa ya ce uwarsa tana gida tana daka, Allah ya ba wannan lafiya, ya juya. Sai a lokacin Luba ta sunkuya ta tambayi sana'ar ɗan, Gudiya ta ce albasa, muryarta da kyar ake ji. Lawali ya sake hawa keke, ya nufi inda ake lodin buhuna.

Rana ta karkato ta shigo barandar. Gudiya ta yi ta nishi tana kare ido, har Luba ta tausaya ta juya ta ta fuskanci bangon kantin, inda akwai sauran inuwa, ta jiƙa ɗankwali ta ɗora mata a kai. Ta sake roƙonta a tafi asibiti, ta yi lallashi, ta yi faɗa, har ta ce za ta tafi ta bar ta. Hannun Gudiya bai saki ƙarfen ma'aunin ba. Ciwon ya sauko daga wuya ya bi baya. Tana ji jikinta yana sandarewa gaɓa bayan gaɓa, kamar fatar da aka shanya aka manta da ita a rana. Wani lokaci ta ga mahaifinta yana kwance fatu daga kan jaki, wani lokaci ta dawo ta ga bango a gaban hancinta, da layin tururuwa yana hawa.

Bayan la'asar ta ji takun. Cikin duk hayaniyar hanya ta tsince shi, ƙafa ɗaya ta taka, ɗayar ta ɗan ja. Ya hau matakala. Ya tsaya a bayanta, ba kusa sosai ba, daidai inda ya saba tsayawa tun yana yaro. Ta ji ya durƙusa.

"Ita ta," ya ce wa Lawali. "Ita tah haihe ni." Sannan ya sassauta murya. "Sannu. Ya jiki?"

Yanzu ne. Gudiya ta saki ma'aunin, ta tattara duk abin da ya rage mata ta ce wa wuyanta ya juya. Wuyan bai motsa ba. Ta gwada da kafaɗa, ta gwada da ƙugu, zafi ya tsarga mata har tafin ƙafa, jikin yana nan yadda Luba ta ajiye shi. Ta buɗe baki, leɓɓanta suka motsa a jikin bango, ba abin da ya fito sai iska. Da zai zagayo ya leƙa ta gefen bango, da ya ga idonta a buɗe suna nemansa. Amma Mamuda ba ya zagayowa. Ita ta koya masa ya tsaya daga baya, kuma ɗa ne mai ladabi.

Ya jira, kamar yadda ya jira a ƙofar ɗaki.

"Ciwo na, ɗan nan," in ji Luba. "Wuya ya ƙage, ba ta iya juyawa."

"Na sani, Inna. Yau dai ciwo na."

"Kai taz zo biɗa. Tun hantsi muka hwama da ita a kai ta asibiti, ta ce sai ta gan ka."

Mamuda ya dubi Luba. Da ya yi magana, akwai wani abu a muryarsa da Gudiya ba ta taɓa ji ba, kamar ta yaro. "Ni tac ce? Ta hwaɗi sunana?"

Luba mace ce mai faɗa amma ba ta iya ƙarya ba, wannan kuwa rana ce da ƙarya za ta yi amfani. "Ba ta hwaɗi ba. Ni nik kira sunaye, da nik kai ga naka ta yi shiru."

"Shiru," ya ce. "Inna, ai da shirun nan nit tashi. Da kunka tambaye ta, ina tac ce za ta?"

"Aliero tac ce da hwari," in ji Lawali, wanda ya jiyo maganar daga wurin kekunansa, shi ma gaskiya kawai ya sani.

"To kun ji. Ƙanwatta na can. Ciwo yat tare ta bisa hanya, ba ta da kowa nan sai ni, dole a neme ni. Ba komi. Hakkina na." Ya miƙe. "Bari in samo mota."

Ba da fushi ya faɗa ba, shi ya fi ciwo. Gudiya tana jin komai. Ta so ta yi ihu ta ce ƙarya ta yi, ba ta da abin yi a Aliero, Ramatu ba ta ma san da zuwanta ba. Ta so a kira Salma ta faɗi maganar kwanon tuwo. Luba ta bi shi har bakin matakala tana rantse-rantse, tana cewa ita mace ce ta san abin da ta gani, ya ce ya gode, Allah ya saka da alheri, ya tafi yana jan ƙafarsa.

Ya dawo da a-kori-kura mai warin albasa, ya shimfiɗa buhunan wofi a bayanta. Shi ya ɗauki Gudiya da kansa, ta baya ya sa hannu ya ɗaga ta, don kada ya tilasta mata ganin fuskarsa. Rabon da jikinsu ya haɗu tun ranar da aka yaye shi. Ta ji ƙarfin hannunsa, ta ji numfashinsa a ƙeyarta. Ya kwantar da ita a gefenta, fuskarta tana kallon kantin.

Luba ta sauko da gudu riƙe da kwalbar. "Ga wannan. Naka na, wallahi kai tar riƙo ma."

Mamuda ya karɓa ya juya ta a hannu. Man ya narke ya yi ja, an toshe bakin da kyau, aikin mai haƙuri. Ya mayar wa Luba.

"Tsarabar mutanen Aliero ta, Inna. Ki aje, in an samu mai zuwa a kai musu. Ba a taɓa aiko mani da irin wannan ba."

Luba ta koma da kwalbar, ta ajiye ta a kan dakalin baranda, a gindin ma'aunin. Direba ya tayar da mota. Gudiya ta ga kwalbar tana ja baya, ita da tunkiyar da ƙofofin da aka ƙulle, har kwana ta ɓoye su. Ta san ba za ta ga safiya ba, hannu da ƙafa sun riga sun fara barinta. Hanyar asibitin duk ramuka ce, motar tana ta jijjiga ta. Mamuda ya matso ya zauna a bayanta, ya sa tafin hannunsa ya tokare ta don kada ta gangara.

"Sannu," yake cewa. "An kusa."

Bayan nata yake gaya wa, shi kaɗai ya sani a jikinta.